"Ba a fafe gora ranar tafiya": wai wa ake wa wannan maganar a lokacin tsada da ƙarancin kaya?

Mai_Tambaya:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masana karin magana ku raba mana gardama. Yanzu ko'ina ka leƙa maganar ɗaya ce, farashi na ta hawa, kaya na yankewa, masana na cewa ƙila tattalin arzikin duniya ya karye gaba ɗaya. Toh wani yayana ya tashi haiƙan yana sayen duk abin da ya samu yana jibgewa, har bashi ya ciwo don ya ƙara, da na yi masa magana sai ya ce min ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ni kuma a raina sai naga kamar ya ɗora karin maganar a inda ba muhallinta ba. Ko ni ne ban gane ba?

Tsohon_Malami:
Wa alaikumus salam ɗana. Bari mu fara da asalin maganar. Gora in an yanko shi ba a zuba ruwa a ciki nan take, sai an fafe shi an ƙwaƙule cikin, a jiƙa shi kwana da kwanaki ɗacin ya fita. Wanda ya bari sai ranar tafiya, ko dai ya tafi ba ruwa ko ya sha mai ɗaci. Kaga kenan maganar tana nufin shirin da ke cin lokaci, wanda ake yi tun hankali na kwance. Yayanka kuwa sai da farashi ya riga ya tashi, kowa ya ruɗe, sannan ya shiga kasuwa da kuɗin bashi. Ai shi ne ma yake fafe goran ranar tafiya, karin maganar da ya kawo ita ce hujja a kansa.

Yar_Kasuwa:
Baba Malam Allah ya kara lafiya amma ni ban yarda gaba daya ba. Waye ya ce yau ce ranar tafiyar? In abin da ake tsoro ya tabbata, wato masana'antu su fara rufewa ana sallamar ma'aikata, toh yau din nan da muke kuka da ita ita ce lokacin shiri, gobe ce tafiyar. Kuma a lokacin hauhawar farashi ajiye tsabar kudi asara ce muraran, in farashi na hawa da kashi 10 a shekara kudin da ka boye karkashin katifa ya rage daraja kusan kashi daya cikin goma kana barci, gara ka maida shi kayan da dama dole zaka saya nan gaba. In ka ga gemun dan'uwanka ya kama da wuta ai ba zaka tsaya tambayar ko lokacin shafa ruwa ya wuce ba.

Mai_Tambaya:
Hajiya nima na yarda da batun tsabar kuɗi, amma shi fa ba kuɗinsa ba ne, bashi ne mai ruwa.

Yar_Kasuwa:
Toh wannan kam wauta ce, ban ga wannan layin da kyau ba. Bashi kuma mai ruwa a irin wannan lokaci? Allah ya kyauta.

Dan_Lissafi:
Ni karin maganar da nake ganin ta fi dacewa da wannan yanayi ita ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Saboda abin da mutane basa lura da shi shine tsoron ƙarancin kaya shi kansa yana haifar da ƙarancin. Ku tuna Birtaniya a watan Satumba na 2021, man fetur yana nan a matatu da depo-depo, direbobin tanka ne suka yi ƙaranci, gidajen mai kaɗan aka rufe, amma da labari ya bazu kowa ya ruga ya cika tanki har da jarkoki, cikin 'yan kwanaki gidajen mai da yawa suka ƙafe sai da gwamnati ta sa sojoji su tuƙa tankokin. Haka takardar bayan gida a 2020 lokacin korona, ba wata masana'anta da ta ƙone, mutane ne kawai suka kwashe na wata da watanni a mako guda.

Wanda ya fi ban tsoro ma na banki ne. Silicon Valley Bank a Amurka, Maris 2023, masu ajiya suka ji ƙishin-ƙishin bankin na da matsala, a rana ɗaya tak suka nemi cire dala biliyan 42, washegari hukuma ta rufe shi. Kowane ɗayansu in ka tambaye shi zai ce rigakafi yake yi, kuma a ƙashin kansa yana da gaskiya, amma da suka haɗu su ne suka jawo ruwan da ya doke su.

Sarkin_Musu:
Malam Dan_Lissafi ka murɗe karin maganar nan wlh. Tsuntsun da ya ja ruwa ana faɗinta ne ga wanda ya tono fitina da hannunsa ta dawo kansa, shi kaɗai. A misalan da ka kawo wanda ya riga kowa rugawa shi ne ya tsira da mansa da kuɗinsa, mai haƙuri da ya ce bari in kwantar da hankali shi ya kwana a layi. Ruwan bai doki tsuntsun da ya ja shi ba, maƙwabcinsa ya doka. In dai karin magana kake nema a nan sai dai wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi.

Dan_Lissafi:
Hhhh na ji wannan. Amma ai shi ya sa abin yake da wuyar magani, tunda wanda ya fara rugawa ne ke cin riba babu wa'azin da zai tsaida mutane. Shi ya sa aka ƙirƙiro inshorar ajiyar banki a Amurka a 1933 bayan dubban bankuna sun durƙushe, don mai ajiya ya san ko bai ruga ba kuɗinsa na nan.

Tsohon_Malami:
Ku bari in ɗan ja ku baya. Ni a ganina wannan magana ta gora ba talaka ya kamata a fara yi wa ita ba, shi da abin da ya samu yau shi zai ci yau, me zai tara? Masu mulki da manyan kamfanoni ake yi wa. Ku duba ƙissar Annabi Yusuf alaihis salam, shekara bakwai na yalwa aka yi ana ajiye hatsi a zangarniyarsa kafin bakwai na fari su zo, kuma hukuma ce ta yi ajiyar, a lokacin da kaya ke da yawa ba wanda ajiyar ta ƙuntata wa. Wannan shi ne fafe gora da wuri. Wanda kuwa ya bari sai mutane na cikin buƙata ya saye ya ɓoye don farashi ya tashi, wannan sunansa ɓoye kaya, kuma kun san hadisi ya kira mai yin haka mai laifi. Sayen ɗaya ne a ido, lokaci da niyya suka raba su.

A zamaninmu ma akwai misali. Bayan takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa a 1973, lokacin da farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu, Amurka ta kafa rumbun ajiyar ɗanyen mai a 1975, suna zuba shi a kogunan gishiri ƙarƙashin ƙasa a jihohin Texas da Louisiana. Da yaƙin Rasha da Ukraine ya ɓarke a 2022 sai suka fitar da ganga miliyan 180 daga ciki.

Injiniya_Shiru:
Baba ka tabo inda nake so. Kamfanoni da gangan suka daina ajiya, tsarin da aka koya daga Toyota shine kar ka tara kaya a sito, a kawo maka daidai lokacin da zaka yi aiki da su, kudin sito ya ragu riba ta karu. Yana aiki lafiya lau muddin jirage na tafiya. Sai ga korona, kamfanonin motoci suka soke odar kananan kwakwalwar kwamfutar nan da ake sa wa mota suna zaton ba mai sayen mota, masu kera waya da kwamfuta suka karbe layin, da suka dawo nema aka ce su bi sahu, kuma masana'antar kera su ba a gina ta a wata shida, shekaru take ci. Ana cikin haka jirgin Ever Given ya tokare mashigin Suez a Maris 2021, kwana 6, jirage wajen 400 suna jira. Abin dariyar shine Toyota din da ta koya wa duniya rashin ajiya ita ce ta koyi darasi daga girgizar kasa da tsunami na 2011 ta sa ana ajiye mata kwakwalwar na watanni, shi yasa ta fi sauran jurewa a farko. Amma ita ma a Satumba 2021 sai da ta rage kera motoci da kashi 40. So ko ka fafe goran in tafiyar ta yi nisa ruwan karewa yake.

Sarkin_Musu:
Toh ni tambayata, manyan bankunan ƙasashe fa? A 2021 shugaban babban bankin Amurka Jerome Powell ya yi ta cewa hauhawar ta ɗan lokaci ce za ta wuce, suka bar kuɗin ruwa kusan sifili har Maris 2022, zuwa Yuni hauhawar ta kai kashi 9.1, rabon da a ga haka shekara 40. Birtaniya ta kai 11.1 a Oktoba. Daga nan kuma aka shiga ƙara kuɗin ruwa ba ji ba gani har ya haura kashi 5 a 2023. In akwai wanda ya fafe gora ranar tafiya ai su ne. Kuma tsoron karayar tattalin arziki daga nan yake fitowa, don maganin nasu shine a sa bashi ya yi tsada, mutane su rage saye, kamfanoni su rage ɗaukar ma'aikata. Paul Volcker, shugaban babban bankin Amurka na wancan lokacin, ya yi haka a farkon shekarun 1980, kuɗin ruwa ya kai kashi 20, hauhawar ta sauka amma rashin aikin yi ya kai kashi 10.8 a 1982. Garin neman gira a rasa ido kenan. Kuma ƙarin kuɗin ruwa baya sauke kwantena a tashar jirgi, baya fito da alkamar da yaƙin Rasha da Ukraine ya tare a tekun Bahar Aswad.

Dan_Lissafi:
Amma ka faɗi ragowar labarin mana. Masana da yawa sun yi hasashen Amurka za ta faɗa karaya a 2023, bata faɗa ba, rashin aikin yi ya tsaya ƙasa da kashi 4 duk shekarar, hauhawar kuma ta sauko. Wanda ya sayar da komai nasa don tsoro a lokacin shi ya yi wanka da kashi don ganin hadari.

Yar_Kasuwa:
Kaji ka, Amurka ce duniya? Hadarin da ya wuce su a kan wasu ya zuba. Sri Lanka a 2022 ta kasa biyan bashinta na waje, ba dalar shigo da mai da magani, mutane na kwana a layi, har shugaban kasar Gotabaya Rajapaksa ya gudu a watan Yuli. Duk lokacin da Amurka ta kara kudin ruwa dala tsada take yi, kasashen da suka ci bashi da dala su ke shan wuya. Mai daki shi ya san inda yake masa yoyo Malam.

Mai_Tambaya:
Nagode ƙwarai jama'a, na tura wa yayan nawa bayanin Baba Malam. Amsar da ya ba ni wai shi bai ga laifinsa ba tunda gwamnatoci ma haka suke yi, ya ce a 2008 Indiya da Vietnam sun taƙaita fitar da shinkafa, Philippines ta ruga saye, farashin duniya ya ninka kusan sau uku cikin 'yan watanni. Na ce masa ai wannan hujjata ce ba taka ba. Yace zai shigo da kansa anjima, wai yana da karin maganar da za ta kashe bakin Dan_Lissafi.

Sarkin_Musu:
Ka ce masa ya taho da takardar bashin ma mu ga kashi nawa ne ruwan.