Kwotar kamun kifi: rabo, kaso ko haddi?

Jama'a, assalamu alaikum. Daren jiya ina fassara wani labari kan kifin tuna na tekun Atlantika, sai na cije a kan kalma ɗaya, kwota. Na saba in rubuta "kaso" in wuce, amma wannan karon jimlar ta ƙi zama. Ina neman shawarar masu harshe, musamman waɗanda suka tashi a bakin ruwa. Wasu sun riga sun aiko da tasu: wata Hajiya ta kawo "rabo", wani Malam ya kawo "haddi", kuma zan amsa musu a nan.

Ga abin da kalmar take ɗauke da shi. Akwai ICCAT, hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da kamun kifin tuna na Atlantika, mai hedikwata a Madrid, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyar kafa ta a Rio de Janeiro a 1966. Najeriya da Ghana da Senegal duk suna ciki. Masanan hukumar sukan ƙiyasta yawan kifin da ya rage a ruwa, sai ƙasashe su zauna su yanke jimillar tan nawa za a kama a shekara, sannan a yanka wa kowace ƙasa nata. Wannan da aka yanka wa ƙasa shi ne kwota. Fuska biyu gare ta: naki ne, ki kama, amma idan kin kai nan ki naɗe komarki. Fuska ta biyun ce nake tsoron ta ɓace a Hausa.

Dalilin tsoron kuwa tarihi ne. A 2007 an yanke tan 29,500 na babban tuna mai shuɗin baya a gabashin Atlantika da Bahar Rum. Masanan hukumar da kansu suka ƙiyasta cewa abin da aka kama a zahiri ya kai tan 61,000. Ninki biyu ke nan har da ɗori, kuma mai yawa daga ciki bai shiga takardar kowa ba. Da ruwa ya ƙare wa ɗan kada aka zaftare adadin zuwa tan 13,500 a 2010, aka ƙara zaftarewa zuwa 12,900 a 2011, aka tsananta bincike. Kifin ya farfaɗo har adadin ya hau tan 40,570 a 2023. Mai sauraron rediyo ba zai gane wannan labari ba idan kalmar da muka ba shi tana nufin "abin da aka ba ka" kawai.

Hajiya, na ga kin kawo "rabo". Na gode, kuma kalmar tana da daɗi a baki. Amma rabo a kunnen Bahaushe na Allah ne. Masunci ya jefa birgi ya ciro giwan ruwa, sai a ce rabonsa ne ya rantse. Ba a cewa mutum ya zarce rabonsa, tunda duk abin da ya shigo hannunka rabonka ne. Idan na rubuta cewa wata ƙasa ta kama fiye da rabonta, na wanke mai laifi ban sani ba.

Malam, "haddi" ɗinka ta tsayar da ni na ɗan lokaci, domin ita ce ta riƙe fuskar hani sosai. Ƙetare haddi magana ce da kowa ya sani. Matsalata biyu. Ta farko, yau in ka ce haddi hankalin mutane kotun shari'a yake tafiya, ga bulala da yanke hannu. Ta biyu, haddi ba ya rabuwa. Ba za ka ce haddin Ghana kaza, haddin Japan kaza, a tara su su ba da jimilla ba. Kwota kuwa ana tara ta, ana rage ta, wani lokaci ma ƙasa takan miƙa wa wata wani yanki nata.

Wani ɗan'uwa ya tuna mini da aikin hajji, kuma ya yi gaskiya. Can ma kwota ce Saudiyya take yanka wa ƙasashe, amma mun huta da neman kalma saboda muna da "kujera": a 2023 an ba Najeriya kujeru 95,000. Kowa ya san in kujeru sun ƙare sun ƙare. Kifi dai ba ya zama kujera, da tan ake auna shi.

To na dawo kan "kaso", wadda muke amfani da ita a labaran OPEC. Na yarda ita ce tushe, sai dai ita kaɗai ba ta isa ba, don kason gado ma kaso ne kuma ba wanda yake bin ka da ido a kansa. Abin da na tsayar: a ambaton farko a ce "ƙayyadadden kason kamu", daga nan a riƙa cewa "kason kamu". Jimillar da ake yankawa daga cikinta kuma a kira ta "iyakar kamu". Ƙasar da ta wuce nata, a ce ta "zarce kaso". Hukuncin ma sai ya fito sarai da wannan kalma, domin a ƙa'idar ICCAT abin da ƙasa ta zarce bana daga kasonta na gaba ake cire shi, kamar bashi.

Sauran ɓangaren ya fi ba ni wahala, wato aikin tabbatar da cewa ana bin kason. Mun saba da "sa ido", amma sa ido na wanda yake tsaye a gefe ne. Abin da ake yi ya fi haka nisa. Akwai na'ura a jirgi mai aika wurin da yake ta tauraron ɗan'adam. Akwai littafin da kyaftin yake cikawa kullum. Shi babban tunan nan, takarda ce take bin sa tun daga koma har kasuwa, kuma daga 2016 ta koma ta kwamfuta. Waɗanda ake kamawa da rai a ja su zuwa kejin kiwo a Malta ko Sifaniya, da kyamarar ƙarƙashin ruwa ake ƙirga su lokacin zuba su. Wannan "bin diddigi" ne, kuma shi na zaɓa: bin diddigin kamu.

Jami'in da ake ɗorawa a jirgi ya zauna da masunta yana rubuta abin da suka ciro fa? Baba ya rubuto daga Yawuri cewa su a wajensu wannan aikin Sarkin Ruwa ne. Baba, Allah ya ƙara girma, kusancin yana nan, kuma a Argungu ma haka ne, ba a taɓa kogin Matan Fada sai ranar da aka buɗe shi. Amma Sarkin Ruwa yana da ikon hanawa, shi kuwa wannan jami'i ba ya hana komai, gani yake ya rubuta. Shi ya sa nake ba da shawarar "duba-kamu", a kan ƙirar duba-gari da iyayenmu suka sani.

Wajibcin kai rahoto ban ga buƙatar ƙirƙira ba, "bayyana kamu" ta wadatar. Tun 2011 hukumar ta kafa dokar cewa ƙasar da ba ta bayyana kamunta na wani irin kifi ba, an hana ta riƙe wannan kifin har sai ta kawo alƙaluman. Maganar kuma ba ta yi nisa da mu ba: Tarayyar Turai ta ba Ghana katin gargaɗi kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba a 2013, ta janye a 2015, ta sake ba ta a 2021, ta kuma ba Kamaru jan kati a Janairun 2023 kan jiragen da suke ɗauke da tutarta ba tare da ana bin diddiginsu yadda ya kamata ba. Akwai Hausawa a Tema da Duwala da za su ji waɗannan labarai da harshenmu.

Ga jimlar da ta hana ni barci, yadda zan karanta ta gobe in Allah ya kai mu: "Kwamitin bin diddigin kamu zai duba ƙasashen da suka zarce ƙayyadadden kasonsu, da waɗanda ba su bayyana kamunsu a kan lokaci ba." Masuntan Baga da Yawuri, idan "duba-kamu" ta yi muku nauyi a baki, ku faɗa mini kafin ƙarfe shida na safe.