Saba tana jan ƙafa: wace RAM zan ƙara?

Na Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawara. A cibiyarmu ta koyar da kwamfuta nan Gombe muna da saba, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ɗaki ke dogara da ita, Dell PowerEdge R720, ta hannu muka saya. Yara suna gwajin jarrabawa a kanta kafin JAMB. Da zarar sun haura arba'in sai ta fara jan ƙafa, yaro ya danna amsa ya zauna yana jiran tambaya ta gaba. Jiya wata yarinya har hawaye ta yi, lokaci na tafiya allo ya tsaya. RAM ɗin, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, giga 16 ce. Nawa zan ƙara, kuma a ina zan samu ta kirki?

Injiniyan Pantami: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka fitar da ko sisi, buɗe Task Manager lokacin da ɗakin ya cika ka gaya mana kashi nawa RAM take ci. Sau da yawa hard disk, wato faifan ajiyar bayanai, ne ya tsufa, RAM ake ɗora wa laifi.

Na Tudun Wada: Na duba da safe, Injiniya. Kashi 94, furosesa kuwa ko 30 ba ta kai ba.

Injiniyan Pantami: To RAM ce. Yanzu kashe ta, ɗaga murfin, cire guda ɗaya ka karanto mana rubutun farar takardar da ke jikinta, harafi da harafi.

'Yar Kaltungo: Yaya, ni ma da tambaya biyu. Wace Windows ce a kai? In Server 2008 R2 Standard ce, ba ta ganin fiye da giga 32 ko ka cika gurabe duka. Sannan manhajar jarrabawar da me take ajiye bayanai? In SQL Server Express ce, ta kyautar nan, abin da take ɗauka na RAM bai wuce giga ɗaya da kusan rabi ba. A wurin aikinmu sai da aka kashe kuɗi aka ƙara RAM, tukuna aka gano nan ne matsalar. Har yau abin yana min ciwo.

Na Tudun Wada: Allah ya saka, ƙanwata. Windows Server 2016 ce a kai, kuma da MySQL manhajar take ajiye bayanai. Ga rubutun: 4GB 2Rx8 PC3L-10600R. Guda huɗu ne, furosesa biyu.

Injiniyan Pantami: Madalla. PC3 na nufin DDR3, wato zubin RAM ɗin, L ɗin mai ƙaramar wuta ce, bolt 1.35. 10600 gudunta ne, wato 1333. Amma idonka ya tsaya kan R ɗin ƙarshe, shi ne RDIMM, irin ta saba mai ECC, wadda take gyara ƙananan kurakurai da kanta. Duk abin da za ka saya ya ƙare da R. In ka ga E ko U, ajiye musu kayansu, ba a haɗa su da R a inji ɗaya.

Ɗan Bajoga: Wallahi wannan R ɗin shi ya kwana da ni a ofis bara. Na je wani shago, yaron ya rantse min DDR3 duk DDR3 ce. Na ɗauko ta kwamfutar tebur guda biyu, ta shiga gurbin daram, ko gardama babu. Na kunna, fanka ta ɗau ihu, allo baƙi ƙirin. Na ɗauka na ƙona sabar mutane. Har ƙarfe biyun dare ina cirewa ina mayarwa. Da gari ya waye na mayar, suka ce an buɗe leda.

Na Tudun Wada: Subhanallah. To ni nawa zan saya?

Injiniyan Pantami: R720 gurabe 24 gare ta, A1 zuwa A12 na furosesa ta farko, B1 zuwa B12 na ta biyu. Kowace furosesa hanyoyi huɗu take da su zuwa RAM, kai kuma yanzu biyu kacal kake amfani da su a kowane ɓangare. Sayi guda takwas masu giga 8, iri ɗaya, ka sa A1 zuwa A4 da B1 zuwa B4, su ne masu fararen kunnuwa. Giga 64 ke nan. Taswirar tana manne a cikin murfin, ka bi ta.

Na Kumo: Ni ban ga dalilin zubar da tsofaffin ba, Injiniya. Ya mayar da su gurabe masu baƙin kunne, ya samu giga 80. Kuɗi ne fa.

Injiniyan Pantami: Za ta tashi, Alhaji, ban musa ba. Sai dai wasu hanyoyin za su fi wasu kaya, kuma in ya sayo 12800R masu gudun 1600, tsofaffin za su janyo su ƙasa zuwa 1333. Giga 64 ta wadatar da ɗakinsa. Ya ajiye huɗun a leda saboda rana.

Na Kumo: Ni dai tawa a haɗe take shekara biyu, ko tari ba ta yi ba.

'Yar Kaltungo: Maganar inda za a saya, nan gida da wuya ka samu takwas iri ɗaya. Titin Beirut a Kano ana samu, ko Computer Village ta Ikeja. Ka ce a turo maka hoton takardar kowace guda kafin ka tura kuɗi, ba hoton guda ɗaya ba. Kuma ku yi yarjejeniyar kwana uku na gwaji. Kada wani ya ce maka DDR4 ta fi sauri, ba ma za ta shiga ba, tsagar ba wuri ɗaya take ba.

Ɗan Bajoga: Ka kula da hunturun nan. Ka ga yadda ƙofar mota take tartsatsi a hannu? Wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kashe RAM. Zare wayoyin wuta biyun na baya, danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci, taɓa ƙarfen jikin sabar, ka riƙe ta gefe-gefe, ban da zinaren ƙasa. Danna har kunnuwa biyun su ce ƙat. Ka hure ƙurar Gombe tun da ka buɗe, kuma ka mayar da baƙar robar da ke bi da iska, in ka manta ta zafi zai taru.

Injiniyan Pantami: In ta tashi, danna F2 ka tabbatar ta ga 64. Sai ka bar MemTest86, manhajar gwada lafiyar RAM da ake tayarwa daga filashi, ya kwana yana gudu, a kan inbata, kar a ɗauke wuta ana tsaka. Bayan nan ka kira ni mu ƙara wa MySQL kasonta na RAM, domin ba ta ɗauka da kanta.

Na Tudun Wada: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. An turo hotuna daga Kano, bakwai 12800R ne, ɗaya 12800E. Na ce a canza ta kafin a kai tasha. Injiniya, Asabar bayan la'asar kana gari?

Injiniyan Pantami: Ina nan insha Allah. Ka tanadi filashi.