An ba yayana muƙami, ya za mu yi da kamfaninmu?

Ƙanin Alhaji:
Assalamu alaikum. Ni da yayana muna da kamfanin gine-gine, shi ne babban darakta, shi ke sa hannu a cek. Makon jiya aka rantsar da shi kwamishina, kuma ma'aikatarsa ce ke ba da irin kwangilar da muke nema. Daren jiya na same shi da fom ɗin bayyana kadarori, ya cike shafin gidaje, da ya zo kan hannun jari sai ya ajiye biro. Wasu na cewa ya mayar da komai sunan matarsa. Zuciyata ba ta kwanta ba. Me doka ta ce?

Yaya Lauya:
Wa alaikumus salam, ƙanina. Kada ya soma. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya hana mai riƙe da muƙamin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci, in ban da noma. Hannun jarinsa na nan nasa, amma ya sauka daga darakta, ya cire hannu daga asusun banki. Kuma dokar ta ce abin da ka yi ta hannun wakili, kai ka yi shi, don haka sunan matar ba mafaka ba ne.

Fom ɗin na Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ne. Ana cikewa da shiga ofis, da duk bayan shekara 4, da ranar sauka, har da dukiyar 'ya'yan da ba su kai 18 ba kuma ba su yi aure ba. Wanda kotun ɗa'a ta kama yana iya rasa kujera da dukiyar, a kuma hana shi muƙami har shekara 10. A 2019 ta sami Walter Onnoghen, Alƙalin Alƙalan ƙasa na wancan lokaci, da laifi kan asusun da bai bayyana ba.

Baba Ɗan Fansho:
Yaro, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Ni abin da ke ci mini rai shi ne, ana cike fom ɗin a kulle a durowa, talaka bai gani. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya fito da nasa fili a 2007, bai rage shi da komai ba. A Amurka, da Jimmy Carter ya hau mulki a 1977, amintattu ya danƙa wa kasuwancin gyaɗarsa, ya janye jiki. Amma kai fa? Ko yayanka ya sauka, in ka kai takardar neman kwangila teburinsa, ai kamar shi ya kai wa kansa.

Ƙanin Alhaji:
Baba, wannan ta taɓa ni, don kusan rabin aikinmu daga ma'aikatar yake zuwa, ga leburori masu iyali. Na gode, Yaya. Gobe da safe zan raka shi wurin lauya ya rubuta takardar sauka. Takardarmu da ke gaban kwamitin kwangila kuwa, ni da kaina zan je in janye ta.