Kwangilar wankin motoci 24 a Wuse 2: in ɗauki yara ko in miƙa wa wani?

Baban Walid, Kubwa

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, kuma ranar Litinin ake jiran amsata.

Shekara huɗu ke nan ina bin mutane gida da ofis ina wanke musu mota, ni da ƙanina. Jarinmu a-kori-kura ɗaya ce, da tankin ruwa lita 500, injin feshi, injin zuƙe ƙura, na goge fenti da ƙaramin janareta. Yawancin masu kiranmu a Gwarinpa da Jabi suke, a nan Abuja.

Yanzu wani kamfani a Wuse 2 ya ba ni motocinsa 24 na shekara guda: Hilux da Corolla, Hiace biyu, sai Prado uku na manyansu. Wanki ciki da waje sau biyu a mako, a gama kafin takwas na safe. Sau ɗaya a wata kuma aikin tsanaki, wato kujeru, kafet, silin da goge fenti. Kuɗi sai kwana 30 bayan na kai takardar neman biya.

Mu biyu ba za mu iya ba. Ko dai in ɗauki yara uku in ƙara inji, ko in miƙa wa wani mai wajen wanki a Utako. Yana da yara shida, ya ce ya ɗauki kashi 70, ni 30 ina zaune. Raina ya fi kwanciya da yarana, aljihuna kuma yana ja na wajen mutumin Utako.

Dattijon Garki

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin komai koma ka karanta takardar kwangilar. Kamfanoni da yawa sukan rubuta cewa ba za ka ba wani aikin ba sai da izininsu a rubuce.

Na taɓa yin abin da kake shirin yi. Na miƙa wankin motocin wani ofis ga wani bawan Allah, na koma harkokina. Wata safiya cikin hunturu, yaronsa ya tarar da baƙar jif ƙura ta lulluɓe ta. Bai fesa mata ruwa ƙurar ta sauka ba, ya dulmiya soso a ruwan omo ya hau dirza. Da rana ta fito, bonet ɗin duk zane-zane ne kamar saƙar gizo. Ni aka kira, don sunana ne a takarda, kuma daga kuɗina aka cire na gyara. Da shekara ta zagayo kuwa, ofishin ya ba mutumin aikin kai tsaye. Shi suke gani kullum a bakin get, shi ya san direbobi da mai gadi. Ban zarge shi ba, ni na bar masa wurin.

Maman Ilham

Ni aikin akanta nake yi, don haka ta wajen kuɗi zan shigo. Malam, wanda aka ce zai biya bayan kwana 30, ka ƙaddara wata biyu kafin ka ga alat na farko: wata ɗaya kana aiki, wata ɗaya kana jira. Kana da abin biyan yara uku da fetur da ruwa da sabulu na wata biyu daga aljihunka? Zauna ka rubuta. Kuma tambaye su nawa za su cire na haraji tun daga tushe, don abin da ke takarda ba shi ne zai shigo asusunka ba.

Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, haka fanshon dole sai ma'aikata sun kai 15. Amma yaron da zai shiga mota daga Mararaba ko Dutsen Alhaji kullum, in ka ba shi abin da bai kai haka ba, kuɗin mota zai cinye, wata uku ba za ka gan shi ba. Akwai kuma kashi 1 cikin 100 na albashi da ake biya NSITF, asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, saboda raunin aiki. Inda ake haɗa ruwa da wayar lantarki, kada ka raina shi.

Ka roƙi a sa maka sharaɗin sake duba farashi in fetur ya tashi. Tun cire tallafi a Mayun 2023 mun ga yadda kwangilar shekara take zama asara a tsakiyarta.

Na Terminus

Ni kam ban ga laifin miƙawa ba. A nan Jos haka nake yi, kuma lafiya muke. Sharaɗi kawai: a rubuta, a sa shaidu, ɓarnar yaronsa a kansa. Ɗaukar ma'aikata ma ai da nasa ciwon kan. Ranar da biyu suka ce ba su da lafiya, wa zai wanke mota 24?

Ɗan Nyanya

Yallaɓai, ku yi haƙuri in sa baki, ni yaron wanki ne, shekara shida. Idan aiki ya bi hannu biyu kafin ya zo gare mu, abin da ke isowa kaɗan ne, kuma jinga ake mana, kowace mota da kuɗinta. To wanda ake biya da ƙirga, sauri zai yi. Tawul ɗin da ya goge taya da shi zai goge gilashi. Ba zai tsaya ya tsane ruwan bohol ba, rana ta busar da shi ya bar farin tabo a jikin fenti.

Maigidan da na fi daɗewa a wajensa bokiti biyu ya koya min, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye tawul, kuma duk abin da na tsinta a mota, ko naira ɗari ce a ƙarƙashin kujera, in ajiye a kan dashbod. Albashi yake ba ni da kuɗin karin kumallo. Shi ya sa ban taɓa yi masa latti ba, ko da yake sai na fito kafin asuba don in tsallake cunkoson shataletalen AYA.

Baban Walid, Kubwa

Allah ya saka muku da alheri. Baba, na duba, sharaɗin yana nan a shafi na uku: sai da izininsu. Hajiya, na yi lissafin, yara biyu zan iya riƙewa wata biyu, ba uku ba. Don haka biyu zan ɗauka, kowa da NIN ɗinsa da wanda zai tsaya masa, mu zama huɗu, mu raba motocin goma sha biyu-biyu a kwana huɗu. Prado da aikin wata da hannuna zan yi. Malam Na Terminus, zan nemi izinin kamfanin in riƙa kiran yaran mutumin Utako ranar da wani ya gaza, ina tsaye a wurin.

Ɗan Nyanya, in kana neman wurin aiki, turo min saƙo kafin Lahadi.