Na Gama Zango Uku na The Flash, Wanne Zan Ɗora?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Na kai ƙarshen zango na uku na The Flash, ana ta ce min daga nan labarin ya fara sanyi. In ci gaba da shi ne, ko in koma Arrow? Ni abin da ya riƙe ni shi ne zaman Barry, jarumin fim ɗin, da mariƙinsa Joe West, da kuma yadda yake zuwa gidan yari ya zauna da mahaifinsa gilashi a tsakaninsu, kowa da kan waya a kunne. Wanda ya san fim mai irin wannan ya taimaka. Ku faɗi komai, ba ya hana ni kallo don an ba ni labari.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Koma Arrow, ƙanena. Shi ne tushen gidan, a 2012 aka fara shi, kuma a zango na biyu, kashi na takwas, aka fara nuno Barry tun bai samu gudun ba. Zango na ɗaya da na biyu ba ka buƙatar tsallake ko kashi guda. In ka zo inda Slade Wilson ya ɗaure Oliver, jarumin Arrow, a daji, ya durƙusar da mahaifiyarsa Moira da ƙanwarsa Thea a gabansa ya ce ya zaɓi wadda za ta mutu, za ka gane abin da nake nufi. Oliver na roƙon a kashe shi a bar su, uwar ta miƙe da kanta ta ba da ranta. Matar nan ta yi ƙarya, ta haɗa baki da Malcolm Merlyn, bos ɗin zango na ɗaya, amma a wurin nan duk wanda ya tsane ta sai ya yafe mata.

Maman Ilham: Baban Khalifa ka faɗa masa gaskiya duka mana. Arrow zango takwas ne, kuma na huɗu ciwon kai ne. Nan ne aka mayar da fim ɗin gaba ɗaya rigimar soyayyar Oliver da Felicity.

Ummi 'Yar Zariya: Anti, kullum Felicity ake ɗora wa laifi. Yarinyar nan da farko kashi ɗaya aka ɗauko Emily Bett Rickards ta yi, ma'aikaciyar kwamfuta ce kawai da Oliver ya kawo wa aiki. Masu kallo ne suka so ta har aka zaunar da ita. Oliver ya dawo daga shekara biyar ta wahala fuska a murtuke, ita ce ta fara sa shi murmushi. Kuma ita kaɗai ce take iya kallon idonsa ta ce masa abin da ya yi ba daidai ba ne.

Maman Ilham: Ƙanwata, Felicity ta zango na ɗaya da na biyu ni ma ina sonta. Wadda aka kawo mana daga baya ce matsalar. Ki tuna ranar da ta ajiye masa zoben a kan tebur. Ta daɗe a keken guragu bayan harbin da aka yi mata, ƙafar ta tashi a daidai lokacin, takun farko da ta yi na ficewa ne ta bar shi zaune. A kan me? Ya ɓoye mata yana da ɗa, William, alhali uwar yaron ce ta kafa masa sharaɗin kada ya faɗa wa kowa in yana son ganin ɗansa. Kuma a ranar ma ya rabu da yaron kenan. Ko fushi za ki yi, ai a bar mutum ya numfasa.

Ummi 'Yar Zariya: To Anti ke za ki yarda a sa ranar aurenki da mutum yana ɓoye miki ɗa? Ƙanwarsa ta sani, Barry ya sani, har Malcolm ya sani, sai ita da za ta zauna da shi. Ni a nan ina bayanta.

Na Damagaram: Ku biyun kowacce da hujjarta. Ni abin da ya ƙona min rai a zangon shi ne Laurel Lance. A littattafan zanen da aka ɗauko labarin, Black Canary, wato Laurel, ita ce matar Green Arrow, wato Oliver, kuma da haka aka faro fim ɗin. An ɗauki shekara uku ana gina ta, ta rasa saurayinta Tommy, ta faɗa shaye-shaye ta fito, ta rasa ƙanwarta Sara, ta koyi faɗa da ƙyar tana shan duka. Sai da ta tsaya da ƙafarta, a 2016, Damien Darhk ya soke ta da kibiya. Kuma tana kan gadon asibiti aka sa a bakinta tana yi wa Oliver fatan alheri da wata. Daga ranar mutane da yawa suka ajiye fim ɗin. Ɗan Fagge, in ka ga na huɗu ya gundure ka, ka daure ka kai na biyar. Bos ɗin, Adrian Chase, ya dawo da shi kan hanya.

Baban Khalifa: Kuma duk wannan rigimar ta mata biyu ta sa ana manta John Diggle. Da farko babu shi a littattafan, don fim ɗin aka ƙirƙire shi, direba kuma mai gadin Oliver. Shi ne ya tsaya da shi tun daga farko har kabari. In zaman Joe da Barry ne ya kama ka, to wannan amincin zai kama ka.

Ɗan Fagge: Na gode Yaya. To The Flash ɗin fa, in bar shi kenan?

Malam na Tudun Wada: Kada ka bar shi, amma ka rage buri. Zango tara ne, daga 2014 zuwa 2023, kashi 184. Na huɗu yana da bos mai amfani da ƙwaƙwalwa, Clifford DeVoe, wanda ya ɗaura wa Barry laifin kisa har aka kai shi gidan yarin da mahaifinsa ya zauna. Na biyar 'yarsu Nora ta zo daga gaba, ashe da Thawne, babban maƙiyin Barry, take shawara a ɓoye. Bayan Cisco, abokin aikin Barry, ya tafi a na bakwai ni dai ɗanɗanon ya ragu min sosai.

Ina so in taɓa wani abu da na ji matasa suna yawan faɗa, wai auren Barry da Iris, 'yar Joe, bai dace ba don gida ɗaya suka tashi. Barry yana da shekara 11 Joe ya ɗauke shi riƙo, bayan an kashe mahaifiyarsa an ɗaure mahaifinsa bisa zalunci. Ba jini, ba shayarwa. A Amurka ne abin ya zama abin magana, mu nan gidaje nawa ne aka aurar da 'yar gida ga ɗan riƙo aka yi murna? Wanda bai son Iris ya nemo wani dalilin.

Hajiyayye: Malam ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Iris ta littafi farar fata ce, aka ba Candice Patton, baƙar fata. Tun daga lokacin wasu suka sa ta a gaba da zagi saboda launinta, kuma ita da bakinta ta faɗa a wata hira a 2022 cewa ba ta samu kariyar da ta kamata daga masu fim ɗin ba. Shi ya sa idan na ga ɗan'uwanmu baƙi ya ɗauko zagin nan yana maimaitawa sai raina ya ɓaci. A soki rubutun, wannan daidai ne. 'Yar jarida ce, aka raba ta da aikinta aka zaunar da ita a STAR Labs, cibiyar binciken su Barry, tana ba masana kimiyya umarni. Laifin marubuta ne wannan, yarinyar abin da aka ba ta ta yi.

Ummi 'Yar Zariya: Ni da Patty Spivot, budurwarsa ta zango na biyu, aka bar Barry da na fi so. Ko Caitlin abokiyar aikinsa.

Hajiyayye: Caitlin a bar ta da abin da ya same ta, 'yata. Ranar da aka ɗaura mata aure da Ronnie ba a daɗe ba ya mutu, wanda ta sake ba zuciyarta kuma ya zama Zoom, bos ɗin zango na biyu. Abokantakarta da Cisco ta fi min duk soyayyar da aka yi mata.

Na Damagaram: Ɗan Fagge ka lura da abu ɗaya. Akwai haɗakar da suka riƙa yi kusan duk shekara, labari ɗaya ya ratsa finafinai biyu zuwa biyar. Ta Nuwamba 2017 a nan aka ɗaura auren Barry da Iris, kuma kashi uku cikin huɗu na labarin suna cikin Arrow da Supergirl da Legends of Tomorrow. In za ka je wurin masu turawa, ka ce su haɗa maka da waɗannan kashin, in ba haka ba za ka ga an wayi gari da aure ba ka san yaushe ba.

Maman Ilham: Auren da Felicity ta katse ana tsakiyar ɗaurawa ta ce su ma Diggle ya haɗa da nasu. Ummi, wannan ma kina bayanta?

Ummi 'Yar Zariya: A'a Anti, wannan kam ba ta kyauta ba. Ranar Iris ce.

Malam na Tudun Wada: Tunda uba da ɗa kake nema, wanda ya fi dacewa da kai bai ma fito a maganar ba tukuna: Superman & Lois, 2021 zuwa 2024, zango huɗu kacal. Clark, wato Superman, ya rasa aikinsa a jarida, mahaifiyarsa Martha ta rasu, ya kwashi iyali suka koma gona a Smallville. 'Ya'yansa tagwaye ne matasa da ba su san ko shi wane ne ba, sai da ya ɗaga mota a gabansu. Jordan, mai fama da fargaba da rashin sakewa cikin mutane, shi ya gaji ƙarfin. Jonathan, ɗan ƙwallon da kowa ya zata shi ne, bai samu komai ba a lokacin. Duk mai 'ya'ya biyu a gida ya san nauyin wannan. Babu batun za su rabu ko ba za su rabu ba, miji da mata ne da suka daɗe tare suna shawara a kicin. A zango na uku matarsa Lois ta zaci ciki ne da ita, gwaji ya nuna sankarar mama ce. Mutumin da yake tare jirgin sama da hannu ya koma zaman jinya, ba abin da ƙarfinsa zai yi mata. Ka sani dai an canja ɗan wasan da yake fitowa a Jonathan daga zango na uku, kada ya ruɗe ka.

Maman Ilham: Malam, za a iya kallonsa da yara?

Malam na Tudun Wada: Ya fi sauran sauƙi, Hajiya, amma fim ɗin Amurka ne, akwai soyayyar 'yan makaranta da sumbata. Ki riƙe rimot a hannu. Arrow kuwa ban ba ki shawarar sa wa ƙanana ba, kisa ya yi yawa.

Hajiyayye: Maman Ilham, in 'yan mata ne ki nemi Ms. Marvel na 2022, kashi shida ne. Kamala Khan Musulma ce 'yar asalin Pakistan a Jersey City. Akwai masallaci, akwai Sallah, akwai bikin yayanta, har da sace wa ƙawarta takalmi a ƙofar masallaci. Zamanta da mahaifiyarta Muneeba shi ne daɗin fim ɗin. Sai dai an sako maganar aljanu ta hanyar da wasu Musulmi ba su ji daɗinta ba, ki fara dubawa kafin ki sa musu.

Ɗan Fagge: Allah ya saka da alheri. Zan fara da Superman & Lois tunda gajere ne, sai in ɗora Arrow har na biyar. Yaya Na Damagaram, ka rubuto min lambobin kashin haɗakar nan kafin Asabar, ranar zan shiga kasuwa a tura min.