Neman Sunan Hausa ga Abin Naɗe Igiyar Fatsa: Muline, Keke ko Manaɗi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman iyayenmu masunta na Lagdo da Maga da bakin kogin Logon, waɗanda suka fi kowa haƙƙin magana a wannan batu.

Sana'ata gyaran keken ɗinki ce a Garwa, nan arewacin Kamaru. A ƙarshen damina yayana da ke Duwala ya aiko mini da wasu na'urori uku na gwanjo, irin waɗanda ake ɗaurawa a gindin sandar fatsa domin naɗe igiya da sakinta, waɗanda masu kamun manyan kifaye a teku, wajajen Kiribi da Limbe, suke aiki da su. Ya ce in duba ko za su gyaru, domin akwai masu neman giwan ruwa a Lagdo da suka nuna suna so. Biyu daga ciki ƙirar Penn Senator ne, samfurin da kamfanin Penn na birnin Filadelfiya a Amurka ya fara fitarwa a 1936. Da na zauna zan nuna wa yaron shagona yadda ake kwance su, sai na tarar ba ni da sunan da zan kira abin da shi sai muline, wato moulinet na Faransanci da bakinmu ya lanƙwasa.

Ba aro nake ƙi ba, domin giris da boris da birki duk aro ne, kuma sun zauna daram a bakin makanikai. Amma muline iyakarta kan iyaka: da ka tsallaka Yola ko Mubi babu mai gane ta, can ril suke cewa. Ma'anarta ta asali kuma ƙaramin injin niƙa ce, alhali abin nan ba ya niƙa komai. Abin da ya fi damuna shi ne yaron yana kiran na'urar gaba ɗaya muline, yana kuma kiran ɓangaren da igiya take naɗuwa a kansa muline, kuma a wajen gyara wannan ruɗani yana iya jawo ɓarna.

Bari in faɗi yadda aikin yake, domin daga aikin ne ya kamata suna ya fito. Gishiri ne ke kashe waɗannan na'urori. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, kuma idan ruwan ya bushe gishirin yana maƙalewa a lunguna yana jan laima daga iska. Ɓarnar ta fi tsanani inda ƙarfe iri biyu suka haɗu, kamar sukuru na ƙarfe mara tsatsa a jikin alminiyam, domin ruwan gishiri yana mai da mahaɗar tamkar batir, alminiyam ɗin ya cinye ya koma farin gari, sukurun kuma ya kafe. Tagulla kuwa kore take yi a ƙarƙashin farin ƙarfen da aka lulluɓe ta da shi. Farkon abin da na yi shi ne warware tsohuwar igiyar baki ɗaya, domin a ƙarƙashinta gishiri ya fi samun maɓoya, kuma a ɗaya daga cikin ukun na tarar ƙarfen ya yi ramuka kamar zanen ƙyanda. Daga nan ake kwancewa a kan faranti mai baki, ana ɗaukar hoton kowane mataki da waya, saboda akwai wani ɗan sifirin da bai kai tsawon farce ba, wanda idan ya yi tsalle ya faɗa ƙasa, sai dai a yi haƙuri. Ƙarafan ciki a jiƙa su a kananzir a goge da tsohon burushin haƙori har tsohon giris ya fita. Wuraren da suka yi kore a tsoma su na ɗan lokaci a ruwan kal da aka sirka da ruwa, a ɗauraye sosai, a shanya. Wajen mayarwa, giris na haƙoran giya ne, boris kuwa mai mara kauri yake so, irin na keken ɗinki, kuma a nan arewa ina ba da shawarar a taƙaita giris ɗin, domin idan ya yi yawa ƙurar hunturu tana haɗuwa da shi ta zama kamar yashi.

Wannan aiki duka sunansa garambawul, kuma ba ma bukatar wata sabuwar kalma a kansa. Kwaskwarima ita ce a goge waje ya yi ƙyalli a bar gishirin a ciki, kuma mai saye ya kamata ya tambaya wanne aka yi wa abin da zai saya.

Ɓangaren da igiya take naɗuwa a kansa ina ganin ba shi da wahalar suna, domin masaƙa sun riga mu: kwarkwaro, abin da ake naɗa zare a jikinsa a sa cikin ƙoshiya. Tarin faya-fayan da ke matse kwarkwaron su hana kifi jan igiya a banza, birki ne, Faransawa ma frein suke ce masa. Sunan na'urar gaba ɗaya ne ya rage. Na auna injin fatsa na ajiye, domin Bahaushe idan ya ji inji zai sa ran mai ko wuta, wannan kuwa hannu ne ke juya shi. Abin da nake gabatarwa shi ne manaɗi, daga naɗa, a kan tsarin mabuɗi da ma'auni da matsefi da magirbi. A cikakken suna, manaɗin fatsa.

Amsar wani tsohon masunci daga Lagdo, ta hannun jikansa:

Ɗana, Allah ya yi wa sana'arka albarka. Mu da kalli da taru da mamari muka tashi, igiyar fatsa kuwa a ɗan katako ko gora muke naɗe ta, saboda haka wannan abu baƙo ne a wurinmu. Amma na ga ana aiki da shi, kuma ina da gyara a maganarka. Naɗin igiya ƙaramin aikinsa ne. Giwan ruwa babba yana iya fin mutum nauyi, kuma idan ya ɗauki ƙugiya ya nutsa, wanda ya ce zai riƙe shi da ƙarfi igiyarsa za ta tsinke. Amfanin abin shi ne ya riƙa sakar wa kifin igiya da nauyi-nauyi har ya gaji. Idan ka ce manaɗi, ka ambaci rabin aikin ka bar rabin da ya fi muhimmanci. Yaranmu a cikin kwale-kwale keken fatsa na ji suna cewa, kuma kunnena bai ƙi shi ba.

Amsar wani malamin Hausa daga Marwa:

Malam, tsarin kalmarka daidai ne, sai dai a kula da abu ɗaya. A rubuce, manaɗi na iya zama mutumin da ke naɗa rawani, kamar yadda muke cewa marubuci ko maɗinki. A baki ba za su rikice ba, domin sunan kayan aiki muryarsa a sama take daga farko har ƙarshe, irin ta mabuɗi, ta mai aiki kuwa tana sauka a tsakiya. Jam'i ma yana raba su: mutane manaɗa ne, kayan aiki manaɗai, kamar mabuɗai. Idan an karɓi kalmar, a tsaya a kan manaɗai tun yanzu. Maganar Baba kuma tana da nauyi, domin keke ya daɗe yana ɗaukar duk abin da ake juyawa da hannu ko ƙafa.

Amsata:

Baba, na gode, kuma gaskiyarka ce cewa sakin igiya ƙarƙashin birki shi ne ran abin. Da na buɗe na ukun na ga faya-fayan birkinsa sun manne da juna, saboda mai shi ya ajiye shi a ɗaure. Ƙa'idar ita ce a ɗaure birkin lokacin da ake ɗauraye na'urar da ruwan daɗi a hankali, domin kada ruwa ya shiga tsakanin faya-fayan, sannan a sassauta shi kafin a ajiye. Wanda birkinsa ya manne, ko da yana naɗe igiya lafiya, kifin farko mai ƙarfi zai tafi da ƙugiya. Sai dai ina roƙon Baba ya duba wannan: mabuɗi yana buɗewa yana kuma kullewa, amma da rabin aikinsa muka sa masa suna, wasu ma suka ɗauki ɗaya rabin suka ce makulli, kuma babu wanda ya taɓa rikicewa. Suna ba dole ne ya ƙunshi aikin duka ba, muddin ya nuna abin ya kuma raba shi da waninsa. A nan ne keke ya gaza mini, domin ba ya tsayuwa shi kaɗai. A shagona idan na ce wa yaro ya miƙo keken, na ɗinki zai ɗauko, a kan hanya kuwa na hawa za a fahimta. Manaɗi kuma ana iya cewa manaɗin teku, ko babban manaɗi, ko birkin manaɗi, ko kwarkwaron manaɗi, ba tare da jan magana ba.

Saboda haka, da izinin Baba, a rubuce da wajen koyar da gyara zan riƙa cewa manaɗin fatsa, jam'i manaɗai kamar yadda Malam ya gyara mini, keken fatsa kuma ya zauna a matsayin sunansa na biyu tunda ya riga ya shiga bakin masu kwale-kwale. Akwai ɓangare ɗaya da har yanzu nake nema wa suna, wato ɗan ƙarfen nan da ƙaramin sifirin yake turawa ya faɗa tsakanin haƙoran giya ya hana mariƙi komawa baya. Na fara ce masa sakata, saboda aikinsa irin na sakatar ƙofa ne, amma ina jiran abin da makanikan Kusiri da Ngaundere za su ce. Manaɗi na farko ya gama haɗuwa jiya, kuma in Allah ya yarda ranar kasuwa mai zuwa zan kawo shi Lagdo, Baba ya ja igiyar da hannunsa ya faɗa mini ko nauyin birkin ya yi daidai da giwan ruwa.