Gola na biyu: waɗanda suka taɓa zaman benci, ku ba mu labari

Matashin gola, Zariya:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Shekarata 22, ina tsaron raga a wata ƙungiya da ke gasar NNL, wato rukuni na biyu na ƙwallon ƙafar Najeriya, kuma tun bara ni ne na biyu. Wanda ke gabana ya girme ni sosai, kuma tsakani da Allah ya iya aikinsa. Damuwata ita ce ɗan gaba ko ɗan tsakiya yakan samu ko da minti goma ne, tunda yanzu canji biyar ake yi, ni kuwa in ba rauni ko jan kati ba, ba mai waiwayata. Wata ƙungiya a rukunin ƙasa ta ce in zo aro za ta ba ni raga, sai dai kuɗin bai kai na nan ba. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, don Allah ya faɗa mini yadda tasa ta kasance.

Tsohon gola, Kano:
Wa'alaikumus salam, ƙanena. Na zauna a wannan bencin, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda zuciya take so ta lalace. Wanda ke cikin raga abokina ne, ɗaki ɗaya ake ba mu in mun je wasan waje, ni nake buga masa ƙwallo yana ɗumama jiki kafin a fara, amma na san ba zan shiga ba sai wani abu ya same shi. Sai da na yi ta roƙon Allah Ya tsare ni daga yi masa mugun fata.

Ranar da dama ta zo, a tsakiyar wasa ta zo. An ba shi jan kati, koci ya juyo ya ce in tashi. Jikina a sanyaye, kuma ƙwallon farko da zan fuskanta fenareti ne. An ci ni. 'Yan kallo ba su tambayi wata nawa na yi ban buga ba, "kwando" kawai nake ji daga kowane ɓangare. A atisaye ina kama duk abin da aka bugo, amma fitowa a ƙwallon kwana cikin turereniya, da sanin lokacin da za ka yi wa 'yan bayanka tsawa, waɗannan sai a wasa na gaske ake samunsu. Da aka yi mini tayin aro na karɓa, kuma a can na zama gola.

Matar gola, Bauci:
Ɗan'uwa, ni ta ɓangaren gida zan yi magana. Maigidana ya bar benci ya koma inda aka yi masa alkawarin raga. Ragar kam an ba shi, albashin ne ya riƙa maƙalewa wata da watanni, har sai da na sayar da kayan ɗakina muka biya haya. A tsohuwar ƙungiyarsa ko bai buga ba kuɗinsa na shigowa. Ban ce kada ka tafi ba. Ka nemi 'yan wasan da ke can yanzu, ka tambaye su a asirce ko ana biyansu a kan kari.

Mai horar da masu tsaron raga, Kaduna:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma maganinta yana cikin takarda. In aro ne, a rubuta wa zai biya albashi, ƙungiyarka ta asali ko wadda ta are ka, a kuma rubuta ranar dawowa. Yaran da suka bi ta hannuna, waɗanda suka tafi da baki kawai su ne suka dawo suna kuka.

Ɗana, 22 ƙuruciya ce a wannan aiki. Dino Zoff yana da 40 ya ɗaga Kofin Duniya da Italiya a 1982, Essam El Hadary na Masar yana da 45 ya tare fenareti a wasansu da Saudiyya a 2018. Amma kada wannan ya sa ka miƙe ƙafa, domin gola wasanni ne suke nunar da shi. Dubi Vincent Enyeama. Ya ci kofin zakarun Afirka da Enyimba a 2003 da 2004, shi ne golan Najeriya, duk da haka da ya je Lille ta Faransa a 2011 benci ya tarar, Mickaël Landreau na gabansa. Ya tafi aro Maccabi Tel Aviv, ya dawo a 2013 ya karɓi raga, ya yi minti 1,062 a gasar Faransa ba a zura masa ƙwallo ba. Mutum irin wannan bai ga ƙasƙanci a aro ba.

Wani abin da nake gani kullum: na biyu shi ake tsayarwa bayan atisaye 'yan gaba su yi ta gwada ƙafarsu a kansa. A filin da hunturu ya busar, ƙugu da gwiwar hannu ne suke biyan kuɗin. Ka sa wando mai soso, ka ware safar hannun wasa daban da ta atisaye. Ka kuma yi aiki da ƙafafunka biyu, don tun da aka hana kama ƙwallon da ɗan wasanka ya maido maka da ƙafa a 1992, golan da bai iya ba da ƙwallo ba yana wahalar samun koci.

Ɗan kallo, Katsina:
Ni ban taɓa sa safar hannu ba, amma ina cikin waɗanda suka kalli Stanley Nwabali a filin Muhammadu Dikko lokacin yana Katsina United. A kakar da ƙungiyar ta faɗa rukunin ƙasa, 2022, ya wuce Chippa United ta Afirka ta Kudu, ƙungiyar da yawancinmu ba mu ma san sunanta ba. Can yake bugawa duk mako har José Peseiro, kocin Najeriya na lokacin, ya je ya gan shi. A Fabrairun 2024 muna gidan kallo ya tare wa Najeriya fenareti biyu a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Nahiyar Afirka da Afirka ta Kudu. Da a benci yake a wata babbar ƙungiya, wa zai je kallonsa?

Tsohon gola, Maraɗi:
Ni tawa ta bambanta, ƙanena. Na zauna ban tafi ba, saboda na gabana ya riga ya faɗa mini shekara ɗaya ta rage masa ya ajiye, kuma shi da kansa yake tsayawa da ni bayan atisaye yana nuna mini yadda ake jera katanga da inda ake tsayawa a bugun tazara. Da ya tafi, ragar ta zama tawa ba gardama. Saboda haka ka je ka sami na gabanka, cikin ladabi, ka tambaye shi shirinsa. Ka sami koci ma, ka tambaye shi ko zai ba ka wasannin kofin ƙalubale na jiha. In duka biyun ba su ba ka amsa mai kama hankali ba, ka sa a rubuta takardar aron yadda Malam na Kaduna ya ce, ka nuna wa wanda ya san doka kafin ka sa hannu.